Don me suke tono tarihi su kuma mayar da ƙasa su rufe? Abin da na gani a Richborough

Maginin Kent:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar tonon kayan tarihi a nan Ingila, amma ku yi haƙuri in fara da abin da ya jawo ta.

Ni magini ne, shekara tara ke nan ina ɗora bulo a yankin Kent. Asabar ɗin da ta wuce 'yata ta tasa ni gaba sai na kai ta Richborough, domin a makaranta suna kan darasin Romawa, malamarsu kuma ta ce musu a nan ne rundunar Sarkin Rum Kalaudiyas ta sauka a shekara ta 43 Miladiyya. Muka ɗauki hanyar Sandwich, daga nan muka shiga wata siririyar hanya ta cikin gonaki wadda in motoci biyu suka haɗu sai ɗaya ta raɓe. Ni a raina bakin teku za mu, tunda an ce tashar jiragen ruwa ce. Har na sa yarinyar ta ɗauko riga mai kauri saboda iska. Muka isa, ba teku ba dalilinsa. Ciyawa ce da gonaki, sai layin dogo a gindin tudu, sai kogin Stour yana tafiya a hankali kamar ba ya so. Teku yana can kusan mil biyu. Ashe a zamanin Romawa wani mashigin ruwa ne mai faɗi, Wantsum, ya raba tsibirin Thanet da sauran ƙasar, jirage suna fakewa a cikinsa. Laka da tsakuwa suka yi ta taruwa shekara da shekaru, mutane kuma suka yi ta datse fadamar suna mayar da ita gona, har ruwan ya ƙafe.

Ganuwar tsohon sansanin Romawa da ke wurin ce ta tsayar da ni. Gani ya kori ji. Wani wurin tsayinta ya kai mita takwas, kaurinta ya haura mita uku, kuma an gina ta ne wajen ƙarshen ƙarni na uku. Na bar yarinya tana ta guje-guje a cikin gwalalo, ni kuwa na tsaya a jikin bangon arewa kusan rabin awa. Cikinsa dutsen ƙyastu ne aka zuba aka kwaɓe da farar ƙasa, fuskarsa kuma ƙananan duwatsu da aka sassaƙe aka jera. Bayan 'yan layuka sai ka ga jan bulo mai faɗi, siriri, layi biyu, ya ratsa ginin. Duk magini ya san amfanin wannan: yana ɗaure fuska da ciki, yana kuma ba ka shimfiɗa madaidaiciya da za ka ci gaba a kanta. Ga ramukan da suka soka itacen da suke takawa su yi aiki a sama, a jere, har yau. Abin da ya fi taɓa ni shi ne wani wuri da layukan suka ƙi haɗuwa. Ƙungiya ɗaya ta taho daga wannan gefe, wata ta taho daga wancan, da suka gamu sai aka tarar ma'auninsu ya saɓa, suka lallaɓa suka haɗe. Wallahi na sha ganin haka a wurin aiki, na kuma san irin maganganun da ake yi a ranar. Na ɗora tafin hannuna a wurin na daɗe ban ɗauke ba.

Bangon gabas babu shi a tsaye, ya gangara ƙasan tudu ya zube manya-manyan gutsattsari. A tsakiyar filin kuma akwai wani harsashi mai siffar gicciye. Wai a kansa aka gina wata ƙatuwar ƙofa mai baka huɗu wajen shekara ta 85, tsayinta kusan mita 25, an lulluɓe ta da farin dutsen Carrara da aka ɗauko tun daga Italiya, ta yadda duk jirgin da ya doso zai san ya iso ƙofar Birtaniya. Daga bakinta titin da ake kira Watling ya tashi ya nufi Canterbury da Landan. Romawan da kansu suka rushe ta daga baya da hankali ya ƙi kwanciya, suka sa duwatsunta a sabon sansani. Akwai kuma ƙofar katako da English Heritage, ƙungiyar da ke kula da wurin, suka gina aka buɗe a 2023, a daidai inda ƙofar katakon sojojin Romawa na farko take, mutum ya hau ya hangi filin duka.

To ga inda raina ya ɓaci. An ce akwai dandalin kallo, irin wanda ake haɗa mutum da mutum ko mutum da dabba, mai ɗaukar kusan mutum 5,000. 'Yata ta ji labarin cewa a 2021 an tona shi, an ga bango mai fenti, an ga ɗan ɗakin da ake tsare wanda za a fito da shi fili, har da ƙasusuwan wata kyanwa da aka binne. Saboda kyanwar nan ta hana ni barci kwana biyu. Muka taka muka je. Me muka tarar? Wani tudu mai kwari a tsakiya, ciyawa ta rufe ko'ina. Ko dutse ɗaya ba a gani. An tona, an gani, an mayar da ƙasa. Yarinya ta dube ni ta ce, "Baba, ina yake?" Na ce ga shi nan ƙarƙashin ƙafarki. Ba ta ce komai ba har muka koma mota.

Ba yau na fara cin karo da masu tonon tarihin nan ba. Shekara uku da suka wuce muna aikin wasu gidaje, sai mai tuƙa motar haƙa ya ci karo da baƙar ƙasa da fasassun tukwane. Aka tsayar da ɓangarenmu, aka kawo masu tono da 'yan cokulansu da buroshi. Mu da ake biya a kan aikin da muka yi, mako biyu muka zauna babu ko fam ɗaya, kamfanin da ya ɗauke mu kuma bai ce mana ko sannu ba. Ƙarshenta suka kwashe abin da suka kwashe a jakunkuna, sauran aka shimfiɗa masa wani yadi aka zuba yashi, muka yi gini a kai. Har yau ban san abin da aka samu ba.

Shi ya sa nake tambaya. In abin yana da daraja har a tsayar da abincin mutane saboda shi, don me ake rufe shi? An ce akwai gari guda a ƙarƙashin gonakin da ke kewaye da ganuwar Richborough, ga kuma ita kanta tashar jiragen da ba a gano ta sosai ba. Ƙasa mai kuɗi irin wannan, me ya hana su tone shi duka su sa rufi, yara su zo su gani da idonsu? Rashin kuɗi ne, ko doka ce, ko akwai wata hikima da ban gane ba?

Ɗalibar Tono:

Wa alaikumus salam, Kawu. Yadda ka karanta bangon nan ya burge ni, domin mu sai an nuna mana a aji muke gane wurin da ƙungiyoyin magina suka gamu, kai kuwa ido kawai ka ɗora.

Abu na farko da ake koya mana shi ne tono ɓarna ne. Kai in ka gina bango ya karkace, kana iya rushewa ka sake. Mu in mun ɗebe ƙasa, shi ke nan, ba ta komawa yadda take har abada. Kuma ba tukunyar ce ko sulen ne ke ba da labari ba, wurin da aka same su ne: wace shimfiɗar ƙasa ce a sama, wace ce a ƙasa, wane rami ne ya yanke wane. Sule da aka samu a ƙarƙashin harsashin bango yana gaya maka ba a gina bangon kafin a buga sulen ba. Sulen nan dai in an miƙo maka shi a tafin hannu ba a san inda ya fito ba, ƙarfe ne kawai mai hoton sarki.

Richborough ɗin kanta ita ce misali. Wani masanin tono, J. P. Bushe-Fox, ya tona cikin ganuwar daga 1922 zuwa 1938. A ma'aunin zamaninsa ya yi aiki mai kyau, shi ya fito da gwalalo biyu na shekara ta 43, da rumbunan katako na ajiyar hatsin soja, da gwalalo uku da aka kewaye babbar ƙofar da su wajen tsakiyar ƙarni na uku. An samu tsabar kuɗi kusan 56,000, fiye da 20,000 daga cikinsu na ƙarshen zamanin ne, tsakanin 388 da 402, abin da ke nuna wurin yana cike da mutane har dab da lokacin da Rum ta saki Birtaniya. Amma ƙasar da suka kwashe fa? A lokacin ba wanda ke tankaɗe ƙasa yana neman ƙwayar hatsin da ta ƙone, ko ƙashin kifi, ko ƙwaron da zai nuna maka ko hatsin daga ƙetare aka kawo shi. Yau daga haƙorin mutum ana iya gane irin yankin da ya sha ruwa yana yaro. Duk abin da suka zubar ya tafi. Da sun tone garin duka a lokacin, da ba mu da inda za mu gwada waɗannan hanyoyin. Mu ma waɗanda za su zo bayanmu haka za su ce game da mu, shi ya sa ake tona kaɗan a bar musu da yawa. Ka kuma lura, rahoton ƙarshe na wancan tonon bai fito ba sai 1968, shekara 30 bayan an ajiye shebur. Tonon shi ne mai sauƙi. Wankewa, lissafawa, nazari, rubutawa da samun wurin ajiya su ne ke cin kuɗi da shekaru, kuma gidajen tarihi da dama a ƙasar nan ɗakunan ajiyarsu sun cika.

Garin da ka ji labari kuwa an gan shi ba tare da an tona ba. Akwai na'urar da ake yawo da ita a kan gona tana auna maganaɗisun ƙasa, rami da murhu da harsashi kowanne yana fitowa da kalarsa a kwamfuta. Hoton sama ma yana taimakawa, domin in an yi fari, shukar da ke kan bango takan riga sauran bushewa, wadda ke kan tsohon gwalalo kuma ta daɗe da korenta. Da haka aka zana tituna da gidaje a fili mai faɗin kusan hekta 20.

Game da dandalin kallo, na fahimci ɓacin ran ƙanwata, ni ma na so a ce ana gani. Amma bangon na allin dutse ne, an shafe shi da farar ƙasa aka yi masa fenti. Ya kai yau ne saboda yana binne cikin danshi iri ɗaya, ba rana ba ƙanƙara. Ka bar shi a buɗe hunturu biyu a Kent, ruwa ya shiga, ya daskare, ya kumbura, fentin zai zube kamar garin tuwo. Ko a zamanin Romawa binnewa ce ta ceci irin wannan. A Dover akwai gidan da ake kira gida mai zane, an gina shi wajen shekara ta 200. Wajen 270 sojoji suka ratsa ta cikinsa da bangon sabon sansani, suka cike ɗakunan da ƙasa. Wannan cikewar ce ta sa da masanin tono Brian Philp da mutanensa suka gano shi a 1970 aka tarar da zanen a jikin bango. Shi an yi masa rufi an buɗe wa jama'a a 1977, to amma tun ranar ake fama da kuɗin kula da shi. Rufi ba a yi a gama ba ne, nauyi ne da ake ɗauka har abada.

Tashar jiragen ta fi wuya. A 2008 an tona gindin tudun ta gabas aka gano gaɓar ruwan zamanin Romawa. In akwai katakon madogarar jirage ko gawar jirgi a cikin lakar nan, rashin iska ne ke riƙe da su. Ranar da ka fito da su, ranar suke fara ruɓewa, sai an yi shekaru ana jiƙa su da magani.

Batun aikinku da aka tsayar kuwa, ba laifin masu cokali ba ne, Kawu. Tun 1990 tsarin shi ne mai gini ke biyan kuɗin binciken, kuma ana so a duba fili tun kafin a fara aiki. In an bar shi sai da motar haƙa ta ci karo da abu, to wani ne bai yi abin da ya kamata da wuri ba, ku kuma aka bar ku da asara. Rahoton yana nan. Kowace gunduma tana da kundin wuraren tarihi, na Kent yana intanet, ka sa sunan unguwar za ka iya ganin abin da kuka yi gini a kansa.

Alhaji Mai Na'ura:

Ɗan'uwa Magini, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya yarinya. 'Yata ɗaliba ta yi bayani, ni ɓangaren doka zan ƙara, domin tun da na yi ritaya nake yawo da na'urar gano ƙarfe a gonaki, kuma na ga mutanen kirki sun shiga uku saboda rashin sani.

Richborough tana cikin jerin wuraren da dokar 1979 ta kare. Irinsu sun kusa 20,000 a Ingila. Wuri in ya shiga jerin nan, ko mai gonar ba shi da ikon haƙa rami ko kafa ginshiƙi sai da izini a rubuce. Kunna na'ura irin tawa a wurin ba tare da takardar Historic England ba laifi ne, ko ba ka ɗauki komai ba, ko da mai gonar ya ce ka shiga. Kada kuma a rikita su biyun: tun 2015 aka raba, Historic England ita ce hukumar gwamnati mai ba da shawara da izini, English Heritage kuma ƙungiyar agaji ce mai kula da wurare sama da 400 tana karɓar baƙi.

A gonar da ba ta cikin jerin, da izinin mai ita, kana iya nema. In ka samu abin da dokar 1996 ta kira taska, misali zinariya ko azurfa da ta haura shekara 300, ko tarin tsabar kuɗi wuri ɗaya, kwana 14 gare ka ka kai rahoto. In gidan tarihi yana so, a yi masa kuɗi, yawanci a raba tsakaninka da mai gona. Sauran ƙananan abubuwa akwai jami'an da ke rubuta su a kundi, ba dole ba ne amma duk mai mutunci yana kaiwa. Ni ko maɓallin riga na samu sai na rubuta daidai inda na tsince shi.

Dokar tana da ɓaraka, ba na ɓoyewa. A 2010 wani ya tono hular kwanon sojan doki ta Romawa a Crosby Garrett, can arewa. Da yake ta tagulla ce ba ta shiga ma'anar taska ba, aka kai ta gwanjo aka sayar fiye da fam miliyan biyu, gidan tarihin Carlisle ya tara kuɗi amma aka fi ƙarfinsa. Sai a 2023 aka faɗaɗa dokar ta haɗa da abu mai muhimmancin gaske ko ba na zinariya ba ne. Sannan ga ɓarayin dare, masu shiga wuraren da aka kare da fitila a goshi, su bar ramuka kamar gafiya ta yi. Su ne suke ɓata mana suna. Ka ga ko nan akwai amsar tambayarka: abin da ke ƙarƙashin mita guda na ƙasa ya fi wanda ke buɗe tsira daga hannunsu.

Uwar Tagwaye:

Ku gafarce ni, Alhaji da ƙanwata ɗaliba, ban yarda da ku duka ba. Maganar "a bar shi a ƙasa, ƙasa za ta adana" tana da kyau a inda ƙasar take zaune. Ku zo Reculver ku gani.

A Herne Bay nake, kusan kowane mako ina takawa ta bakin gaɓa har hasumiyoyi biyu na tsohon cocin Reculver. Reculver ita ce 'yar'uwar Richborough, ita ma sansanin Romawa ce, ita ke gadin bakin Wantsum ta arewa, an gina ta tun farkon ƙarni na uku. Richborough teku ne ya gudu ya bar ta, Reculver kuwa teku ne ya biyo ta. Wajen 1540 da masanin tarihi John Leland ya zo, tsakanin wurin da ruwa akwai kusan rubu'in mil. Yau kusan rabin sansanin yana cikin teku. Bangon arewa ya tafi gaba ɗaya, da duk abin da ke bayansa. Cocin da aka kafa a tsakiyar sansanin a 669, mutanen garin da kansu suka rushe shi a 1809 da suka ga ruwa ya matso. Hasumiyoyin sun tsira ne kawai domin matuƙan jirgi suna gane hanya da su, shi ya sa hukumar Trinity House mai kula da fitilun teku ta saye su a 1810 ta yi musu kariya daga igiyar ruwa. Wato ba don tarihi aka cece su ba, don jirage ne. A Felixstowe akwai wani sansanin irin wannan, Walton, shi tun ƙarni na 18 teku ya haɗiye shi ɗungurungum. Wa ya adana wa na baya?

Yanzu an jibge manyan duwatsu a gindin Reculver, suna riƙewa. Amma in ka yi gaba kaɗan ta yamma inda ba a sa ba, gaɓar tana zubewa. Bayan wata guguwa a hunturun bara na ga inda hanyar ƙafa ta tsage, shingen da aka kafa yana reto a iska, ƙasa ja-ja ta zubo a kan yashi, saiwoyi a waje. Tsarin gwamnati na gaɓar teku kansa ya kasa wurare kashi-kashi: wani a riƙe shi, wani a ja da baya a hankali, wani a bar shi kawai ruwa ya yi yadda ya so. Ba kowane wuri za a kare ba, su ma sun faɗa. To a irin wannan wurin jira ba hikima ba ce. A tona, a auna, a ɗauki hoto tun ana iya tsayawa a kai.

Ko a tudu ma, ƙanwata, ki faɗa wa Malam Magini gaskiya game da garma. Gonar da ake nomawa tun kafin a sa ta a jerin, doka ta bar manomi ya ci gaba da noma kamar yadda ya saba. Kowace shekara tarakta na wucewa, in wurin gangare ne ƙasar sama tana raguwa, bakin garma yana ƙara kusantar abin da ke ƙasa. Wannan ma ɓarna ce, sai dai ba ta da ƙara.

Kuma ni ina bayan yarinyar nan. Wanda bai gani ba ba zai damu ba. Yaron da aka nuna wa ciyawa aka ce masa akwai abin mamaki a ƙasa, in ya girma ya zama kansila, ba shi zai ɗaga hannu a ware wa wurin kuɗi ba.

Ɗalibar Tono:

Gaskiyarki, Anti, ban musa ko ɗaya ba. Inda teku ko garma ke ci, tono shi ne ceto. An ma yi shirin CITiZAN da aka fara a 2015, wanda ya koya wa mutanen gari irinki su riƙa ɗaukar hoton abin da ruwa ya tone suna turawa, domin ƙwararru ba za su iya bin kowace gaɓa bayan kowace guguwa ba. Abin da nake cewa shi ne dandalin Richborough ba ya cikin wannan hatsarin, ciyawa ce a kansa ba garma ba. Sansanoni tara aka lissafa a tsohon kundin Romawa a ƙarƙashin kwamandan wannan gaɓa, daga Brancaster har Portchester, kuma kowanne da ciwonsa. Na Lympne ƙasa ce ta zame da shi, na Portchester yana tsaye cif har yau ruwa na lasar gindinsa. Magani ɗaya ba zai yi musu duka ba.

Maginin Kent:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. 'Yata ɗaliba, na duba kundin da kika ce a daren jiya. Na sami unguwar. Ashe gefen wata gona ce ta zamanin Romawa, da ramukan shara da wurin busar da hatsi. Gida mai lamba shida da na ɗora wa bulo da hannuna yana zaune a kan wannan. Na nuna wa abokin aikina da muka yi zaman mako biyun nan tare, ya daɗe yana kallon wayar.

Maganar fenti da ƙanƙara na karɓe ta, domin aikina ne. Na ga abin da hunturu ɗaya ke yi wa sabon shafe in ba a rufe shi ba, balle wanda ya shekara kusan dubu biyu. Ta kuma tuna mini wani abu da na lura da shi a jikin ganuwar ban faɗa ba. Akwai wuraren da aka yi wa gyara, kuma gyaran iri biyu ne. Wani an cike shi da abu mai tauri, toka-toka, da alama da siminti a ciki. Wani kuma fari ne mai laushi, farar ƙasa. Tsohon bango yana shan ruwa yana fitarwa ta tsakanin duwatsu. In ka toshe masa da siminti, ruwan ba ya samun mafita sai ta jikin dutsen, sanyi ya zo ya fasa fuskarsa. Shi ya sa gara gyaran ya fi dutsen laushi, ya mutu a madadinsa, bayan wasu shekaru a sake. Ban taɓa aiki da farar ƙasa zalla ba, kullum siminti ne da gaggawa. Yanzu ina so in koya, in akwai wanda ya san inda ake koyar da magina wannan a kudancin Ingila ya taimaka mini.

Amma Hajiya Uwar Tagwaye ta faɗi abin da ke raina. Ban ce a tone gari duka ba, na janye wannan. Sai dai ko taku biyar na bangon dandalin nan, a ƙarƙashin gilashi, ko kuwa a gina kwafinsa a gefe da irin kayan da Romawan suka yi amfani da su, kamar yadda aka yi ƙofar katako. Da ni aka ba aikin, da allin dutse da farar ƙasa, wata guda ya ishe mu mu huɗu.

Yarinya ta ce sai mun je Reculver wannan Asabar, tana so ta ga sansanin da teku ya cinye rabinsa. Hajiya, in mun taho daga Herne Bay da ƙafa, ta bakin yashi ake bi ko ta saman gaɓa? Kuma da wane lokaci ruwa ke janyewa har a iya sauka a ga gindin bangon daga ƙasa?